Yadda Ake Ɗaukar Hoton Jirgin Ƙasa da Dare, da Yadda Ake Gyara Tsofaffin Hotunan Fim a Kwamfuta

Abin da ya fara kai ni bakin layin dogo da kyamara bayan faɗuwar rana shi ne wani tsohon gwangwanin biskit da kawuna ya bari, Allah ya jiƙansa, cike da nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, na hotunan da ya ɗauka a shekarun da yake aikin reluwe tsakanin Kafanchan da Jos. Da na zauna gyara su a nan Abuja, sai na lura kusan dukkansu da rana aka ɗauka, domin kyamarar da yake riƙewa da fim ɗin da yake samu ba su iya duhu ba, alhali kuwa rabin rayuwar ma'aikacin jirgi da dare take. Daga nan na ƙudurta zan ɗauki jiragen zamaninmu a lokacin da shi bai samu iko ba. Ayyukan biyu ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da su, wato ka tattara duk abin da haske ya bari tun a matakin farko, sannan kada ka ƙara wa hoto abin da ba ya cikinsa.

Izini kafin komai

A Abuja layi biyu ne mai hoto zai iya nufa. Akwai layin Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016, mai tsawon kimanin kilomita 186, wanda ya tashi daga Idu ya bi ta Kubwa ya ƙare a Rigasa, kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce ke tafiyar da shi. Akwai kuma jirgin cikin gari da aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a watan Mayun 2024, wanda yake ƙarƙashin Hukumar Babban Birnin Tarayya. Tunda hukumomin daban suke, izinin wannan ba ya zama izinin wancan.

Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya sa aka dakatar da zirga-zirga har zuwa watan Disamba na shekarar, jami'an tsaro ba sa wasa da mutumin da suka gani cikin duhu yana auna tasha da na'ura, kuma suna da gaskiya. Saboda haka matakin farko da rana ake yin sa. Ka je tashar a lokacin da babu cunkoso, ka nemi manajan tasha, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ni mai hoto ne, ina neman izinin ɗaukar jirgi daga kan dandamali da yamma, ga katin shaidata, ga kuma irin aikin da nake yi." Ka riƙe wasiƙa a rubuce da hotuna biyu ko uku da ka wanke, domin takarda a hannu ta fi nuna waya kwantar da hankali. Idan ya ce sai an kai maganar sama, ka bi hanyar da ya nuna maka, ka jira. Idan an amince, ka roƙi a sanar da masu aikin dare, domin sau da yawa wanda ya ba ka izini ya tashi daga aiki kafin ka dawo. A wannan zuwan ne kuma za ka tabbatar da lokutan shigowa da tashin jiragen yamma, saboda jadawali yana canzawa.

Ba a ɗaukar jami'an tsaro, ko wurin bincike, ko kyamarorin tsaro. Ba a kuma kafa wa fasinja kyamara a fuska ba tare da an tambaye shi ba, musamman mata.

Maganar rai kuwa ba ta da sassauci. Kada ƙafarka ko ƙafar kyamararka ta taɓa layin dogo ko tsakuwar da ke gefensa, domin jikin tarago ya fi tsakanin ƙarafan faɗi, jirgi kuma ko direba ya gan ka yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Kada ka haska filas ko tocila wajen direba, saboda idonsa ya saba da duhu kuma da shi yake karanta alamun hanya. Ba'amurken nan O. Winston Link, wanda ya shahara da hotunan dare na jiragen gawayi na layin Norfolk and Western tsakanin 1955 da 1960, ya yi amfani da ƙwayayen filas masu yawan gaske, amma da haɗin kan kamfanin jirgin ya yi, direbobi sun san da zuwansa. Mu da ba mu da wannan shiri, hasken tasha da na jirgin ya ishe mu. Ka tafi da abokin tafiya, ka tsaya inda mutane da fitilu suke, ka bar tunanin bin layi cikin daji da dare gaba ɗaya.

Kayan aiki da lokacin fita

Kowace kyamara da ke barin ka saita ta da hannu, take kuma ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta yi masa gyara ba, za ta yi aikin. Abin da ba a yi sai da shi shi ne ƙafar kyamara mai ƙafa uku, mai nauyi, kuma ni a ganina gara tsohuwar kyamara a kan ƙafa mai ƙarfi da sabuwa a kan mai rawa. Gilashin kyamara, wato lens, mai faɗin gani, tsakanin milimita 24 da 35, ya dace da dandamali, mai milimita 50 zuwa 85 kuma ya dace da kan jirgi shi kaɗai. Ka ƙara da batir biyu, da ƙyallen goge gilashi, da ƙaramar tocila don duba maɓallai. Ka cire gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara, domin da dare shi ne ke ninka fitilar jirgi ta fito sau biyu. Mai waya ma ba a bar shi a baya ba, matuƙar wayar tana da sashen saiti da hannu kuma ya samu abin da zai maƙale ta a kan ƙafa.

Hoton dare mafi kyau ba a tsakiyar dare ake samunsa ba. Ana samunsa a ɗan tsakanin da rana ta faɗi amma sama ba ta gama yin baƙi ba, lokacin da shuɗin sama da fitilun tasha suke kusan daidai a ƙarfi. A Abuja rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 duk shekara, kuma saboda kusancinmu da tsakiyar duniya wannan shuɗin ba ya daɗewa, da ƙyar yake wuce minti 25. Lokacin ya zo daidai da sallar Magariba, don haka ni da abokin tafiyata mukan kafa komai tun kafin kiran salla, mu yi salla bi da bi, ɗaya yana tsaron kaya. Da hunturu, hazo yana sa hasken fitilar jirgi ya fito kamar sanda a cikin iska, abin sha'awa ƙwarai, sai dai kada ka sauya gilashi a fili, ƙura za ta shige ciki. Da damina kuwa, bayan an ɗauke ruwa, jiƙaƙƙen dandamali yana maido da kowace fitila, iska kuma ta yi garau. Ni na fi son damina.

Saita kyamara

Ka kafa ƙafar kyamara a bayan layin da aka shata wa fasinjoji, a karkace da jirgin, yadda za ka ga gabansa da gefensa tare. Fuskantar fitilar kai tsaye yana wanke rabin hoto da fari. Ka mai da kyamara kan saiti da hannu, ka zaɓi RAW, ka kashe na'urar hana rawa ta gilashi tunda kyamara a kafe take, ka kuma kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada taɓawar yatsa ta girgiza hoton. Sai fokas, wanda shi ne ya fi ɓata wa sababbin hannu aiki, domin na atomatik yana ta kai da komowa cikin duhu. Ka mai da shi na hannu, ka ƙara girman abin da allo ke nunawa sau goma, ka saita a kan lambar da ke jikin kan jirgi ko wani rubutu mai haske, sannan ka bar zoben kada ka sake taɓa shi.

Hotuna iri uku ake nema, kowanne da saitinsa.

Na farko shi ne jirgi a tsaye, kuma da shi ya kamata a fara. Ka sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, a 100 ko 200, ƙofar haske a f/8 (ƙaramar lamba ƙofa mai faɗi, babbar lamba matsattsiya), lokacin buɗewa kuma tsakanin daƙiƙa 2 da 15 gwargwadon hasken tashar. Don kada ka ɓata lokaci wajen gwaji, ka ɗaga ISO zuwa 1600 ka nemo lokacin da ya dace, sannan ka ninka shi sau 16 idan ka dawo ISO 100, wato abin da ya yi daidai a rabin daƙiƙa zai buƙaci daƙiƙa 8. Kada ka yarda da yadda hoton yake a allo, domin cikin duhu allo yana nuna komai da haske fiye da gaskiyarsa. Jadawalin haske za ka duba, wato zanen histogram da kyamara ke nunawa, duhu a hagu haske a dama, kuma abin da kake tsoro shi ne ya taru a bangon dama, alamar tagogin tarago da allunan tasha sun ƙone. Inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta, amma wurin da ya ƙone ya zama fari babu abin da ya rage a cikinsa. Idan bambancin haske da duhu ya yi yawa, ka ɗauki uku a jere ba tare da motsa kyamara ba, ɗaya daidai, ɗaya ƙasa da mataki biyu, ɗaya sama da mataki biyu (kowane mataki ninka haske ne ko raba shi biyu), ka haɗa su daga baya. Injin dizal da ke kunne yana girgiza dandamali, saboda haka ka ɗan ja baya daga gare shi, ka rataya jakarka a tsakiyar ƙafar kyamara don ƙarin nauyi. Fasinjojin da ke tafiya za su zama kamar inuwa ko su ɓace, wanda ya ba hoto rai ya kuma rufa musu asiri. Idan kana son fitilu su yi tsinke kamar taurari, ka matse ƙofar zuwa f/11 ko f/16, amma kada ka wuce nan, kaifin hoto yana raguwa.

Na biyu shi ne jirgi mai tafiya da ake so fitilunsa su zama dogon zaren haske. A nan lissafi ake yi. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka idan tsawonsa mita 200 ne, filin da kyamara ke gani kuma mita 100 ne, yana buƙatar kimanin daƙiƙa 18 ya shiga ya fita gaba ɗaya. Kusa da tasha gudun bai kai haka ba, lokacin sai ya ƙaru. Ka sa ISO 100 da f/11, ka gwada wurin da daƙiƙa 20 ko 30 tun jirgin bai zo ba, ka bar hoton gwajin da ɗan duhu saboda jirgin zai kawo nasa hasken. Idan lokacin zai wuce daƙiƙa 30, ka koma saitin da ke da harafin B, inda kyamara ke zama a buɗe har sai ka saki maɓallin igiya. Jirgin da ke tafiya yana ba ka baya ya fi sauƙi, tunda babbar fitila ba ta kallonka. Idan mai tahowa ne, ka riƙe baƙin kwali a gaban gilashi ba tare da ka taɓa shi ba a daidai lokacin da fitilar ta haske ka, ka janye da zarar ta gota. Ka kuma kashe saitin rage tsaki na dogon buɗewa (tsaki shi ne ɗige-ɗigen da ke fitowa a hoton duhu), domin yana riƙe kyamara na tsawon lokacin da hoton ya ci, jirgi kuwa ba ya jira.

Na uku, wato tsayar da jirgi mai gudu cak, shi ne mafi wuya, kuma ba na ba sabon hannu shawarar ya fara da shi. Yana buƙatar 1/250 na daƙiƙa ko sama, da f/2.8 ko mafi faɗi, da ISO 3200 zuwa 6400. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun tasha kuma suna ƙyaftawa tare da ita, don haka a irin wannan saurin hoto kan fito da ratsi-ratsi. Idan ka ga haka, ka sauko zuwa 1/100 ko 1/50 ka jira jirgin ya rage gudu wajen shiga tasha.

Gyaran waɗannan hotuna a kwamfuta kaɗan ne. Ka daidaita launi, inda tsakanin 3500 da 4000 a ma'aunin Kelbin, wanda ake auna launin haske da shi, yakan raba gardama tsakanin fitilu masu ruwan goro da farare, ka sauko da wuraren haske, ka ɗago inuwa kaɗan, ka rage tsaki ba tare da ka mai da ƙarfe kamar roba ba. Ka bar dare ya zauna a darensa. Na sha ganin hoton da aka ɗago inuwarsa har ya koma kamar hantsi, wahalar da aka sha ta tashi a banza.

Tsofaffin hotuna: tantancewa da tsabtacewa

Kafin ka kunna kwamfuta, ka shimfiɗa farar takarda a tebur mai tsabta, ka wanke hannu ka busar, ka sa safar hannu marar gari, ka riƙa kama fim ta gefe kawai. Ka ware kayan gida uku: nagatif, da silaid (fim ɗin da hotonsa ke fitowa da launinsa na gaskiya), da hotunan takarda. Duk inda nagatif ya samu, shi za ka yi aiki da shi ko da hoton takardarsa yana nan, domin ya fi takarda riƙe bayani nesa ba kusa ba.

Ka shinshina gwangwanin. Warin tsami irin na khal alama ce cewa robar fim ɗin ta fara ruɓewa, ba ta kuma warkewa, tana ma harbin na kusa da ita, don haka irin wannan a ware shi a fara da shi. Fim ɗin da ya girmi farkon shekarun 1950 yana iya zama na naitiret, wata tsohuwar robar fim mai kama wuta da sauri ƙwarai. Ka duba gefensa, idan an rubuta SAFETY ba shi ba ne, idan kuwa an rubuta NITRATE ka nisanta shi da zafi da wuta, ka ajiye shi shi kaɗai, ka nemi shawarar masu adana kayan tarihi.

Fim fuska biyu gare shi. Mai sheƙi roba ce, marar sheƙi kuma ita ce ke ɗauke da hoton a cikin wani siririn danƙo. Ƙura da famfon iska na roba ake kore ta, sannan a bi da burushi mai laushi. Ba a hurawa da baki, ba a gogewa da bakin riga ko takardar goge hannu. Tabon yatsa ana ɗauke shi da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 98 ko sama, a ɗiga a ƙyalle marar gashi a shafa sau ɗaya a hankali, bayan an gwada a kan wanda ba shi da muhimmanci. Abin da nake roƙon mai karatu ya riƙe shi ne kada ruwa ya taɓa fim ɗin da fumfuna ta ci, wato mai zane kamar saƙar gizo, domin fumfuna tana mai da danƙon ya zama mai narkewa. Da haka na rasa hoto ɗaya tilo da kawuna yake tsaye a gaban kan jirgi, na ga fuskarsa tana bin ruwa, har yau kuma abin yana yi mini ciwo. Hoton takarda da ya manne da gilashin firam shi ma ba a ɓamɓare shi, ana ɗaukarsa ne ta cikin gilashin.

Shigar da hoto cikin kwamfuta

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce sikana mai fitila a murfi, irin su Epson V600, ko wadda aka yi don fim kaɗai irin ta Plustek. Sikanar ofis da ake kwafin takardu da ita ba ta yi wa nagatif, saboda haske ta bayansa yake buƙata. Fim mai milimita 35, wanda kowane hotonsa milimita 24 ne da 36, ka ɗauke shi a ɗigo 2400 zuwa 3200 a kowane inci, abin da zai ba ka tsakanin fiksel miliyan 7 da miliyan 14. Babban fim mai santimita 6 da 6, irin na tsofaffin masu situdiyo, 2400 ya ishe shi. Hoton takarda 600 ya wadatar, ƙaramin fasfo kuma 1200. Ka zaɓi zurfin launi na bit 16 ka ajiye a tsarin TIFF, domin JPEG yana zubar da bayani, kuma da ka fara jan launin da ya koɗe za ka ga sama ta kakkarye. Hoton baƙi da fari ma ka ɗauke shi da launi, saboda tabon rawaya ya fi sauƙin cirewa idan kwamfuta tana ganin launinsa. Ka kashe duk wani gyaran atomatik. Saitin cire ƙura da hasken infirared yana aiki sosai a fim mai launi, amma a baƙi da fari na gargajiya azurfar da ke cikinsa tana ruɗa shi ya ɓata hoton, haka ma yakan yi da silaid na Kodachrome.

Hanya ta biyu ita ce ɗaukar nagatif ɗin da kyamara, kuma ƙafar da ka kai tasha ita za ta yi maka aiki a nan. Ka kifa kyamara tana kallon ƙasa da gilashin ɗaukar abu na kusa, ka sa farar fitila shimfiɗaɗɗiya a ƙasa, ka ɗaga fim ɗin sama da ita da kamar santimita biyu ko uku don kada ƙwayoyin fitilar su fito. Ka ɗora ƙaramin madubi a wurin fim ɗin tukuna, idan idon kyamara ya bayyana a tsakiyar allo, to sun daidaita. Ka kashe fitilar ɗaki, ka sa ISO 100 da f/8 da RAW, ka saita fokas a kan ƙwayar fim ɗin kanta. Ka bar ɗan gefen fim marar hoto ya shigo, domin da shi manhaja za ta auna ruwan goron da ke rufe da nagatif mai launi ta cire shi. Manhajojin darktable da RawTherapee kyauta ne kuma dukkansu suna da sashen juya nagatif.

Hoton takarda kuma ka ɗauki bayansa, saboda hatimin situdiyo da rubutun biro sukan faɗi gari da shekara. Idan takardar mai gurji-gurji ce, ka ɗauka sau biyu, na biyun bayan ka juya ta kai ya koma ƙasa, ka ɗora su a kan juna, inuwar gurjin za ta ragu.

Gyaran kansa

Fayil ɗin farko uwa ce, ba a taɓa ta. Ka kwafe shi ka yi aiki a kan kwafin, a manhajar GIMP ko Photoshop, kowane gyara a shimfiɗarsa daban, wato layer, yadda za ka iya janye shi. Ka riƙa adanawa akai-akai saboda ɗauke wuta.

Ka fara da miƙe hoton da yanke gefe, sannan haske, sannan launi, sannan tabo, kaifi kuma a ƙarshe. A wajen haske, ka buɗe ma'aunin matakai, wato Levels, ka jawo alamar baƙi da ta fari zuwa inda jadawalin ya fara tashi a kowane gefe. Hotunan shekarun 1970 da 1980 da suka koma jajaye, rinin shuɗi mai ratsin kore ne ya riga sauran gudu, kuma maganinsu shi ne ka yi wannan jan a kan ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da hoton. Abin da ya rage ka gyara ta hanyar nuna wa manhaja wani abu da ka san toka-toka ne, kamar kankaren dandamali ko tsakuwar layi. Ka kula da fatar mutane, kada neman haske ya sa ka mai da baƙin mutum fari, iyalinsa su kasa gane shi.

Tabo da karce aikin haƙuri ne. Ka ƙara girman hoton zuwa kashi 100, ka bi shi daga kusurwar hagu ta sama gida-gida, da burushin warkarwa na manhajar, wato Healing, wanda bai fi tabon girma sosai ba. A bakin abubuwa, kamar gefen tarago ko ƙarfen layi, ka koma hatimin kwafi, wato Clone, domin na warkarwa yana damalmala gefe. Ka riƙa sauya wurin da kake kwafowa don kada zane ɗaya ya yi ta maimaituwa. Ƙwayar fim ba datti ba ce, ka bar ta.

A nan ne nake da magana mai nauyi game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke gyara fuska da taɓawa ɗaya. Ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, zana sabo suke yi daga fuskokin wasu mutane. Na gwada ɗaya a kan hoton kakata, ta ɗauki zanen da ke kumatunta a matsayin karce ta share shi, ta canza mata ido, ta fito da wata kyakkyawar mace da ba mu taɓa sani ba. Bille da kalangu da 'yan baka shaidar asali ne, haka aikin hula da aska takwas a gaban riga. Haka kuma lambar da ke jikin kan jirgi da sunan tasha a allo, manhaja takan mai da su wasu haruffa na daban, alhali da su ake gane wuri da zamani. Misali, ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957, shekara 30 bayan babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, don haka hoton da ya nuna jirgi yana aiki a kan wancan siririn layi ya riga ya faɗi iyakar shekarunsa, matuƙar ba a taɓa shi ba. Inda rabin fuska ya ɓace, ka cike wurin da launi mai laushi ka bar shi a haka. Idan iyali sun nace a sa wa baƙi da fari launi, ka yi musu a kwafi na daban, ka rubuta a jikinsa cewa launin ƙiyasi ne.

Suna da ajiya

Kafin ka rufe aikin, ka ɗauki waya ko kwamfuta ka kai wa dattawan gida. Ka zauna kusa da gwaggo ka buɗe mata hoton da girma ka ce, "Gwaggo, wane ne wannan na hannun dama, kuma wace tasha ce nan?" Abin da ta faɗa ka rubuta shi nan take a cikin bayanan fayil, ka sa wa fayil ɗin suna da shekara da gari da lamba, ka nuna inda shekarar ƙiyasi ce.

Ka ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya kuma a wani gida daban ko a ma'ajiyar intanet. WhatsApp yana matse hoto, don haka abin da aka tura wa 'yan uwa ta nan ba ya cikin lissafin ukun. Nagatif ɗin kuma ba a zubar da shi don an ɗauke shi, domin na'urar gobe za ta fi ta yau iya karanta shi. Ka fitar da shi daga gwangwani mai tsatsa, ka zura shi a rigar fim ta roba marar wari ko ambulan marar asid, ka sa a akwati tare da ƙullin silika mai shan danshi, ka ɗora a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da kicin da bangon banɗaki da ƙarƙashin kwano. Daminar Abuja tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, saboda haka a cikin waɗannan watanni ka riƙa buɗe akwatin sau ɗaya a wata, ka shinshina, ka sauya silikar idan ta jiƙe.